Kurakuran da masu shan maganin farfaɗiya ke yi kan kitsen jini

Abin da ya fi damuna shi ne ka ga mutum ya shekara 10 yana shan Tegretol, wato carbamazepine, farfaɗiya ta lafa kowa na hamdala, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ɗiban jininsa an auna kolesterol ba. Su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital zaburar da hanta suke yi ta ƙara aiki, to cikin aikin nata har da ƙera kolesterol, sai LDL, wato mugun kitsen nan da ke liƙewa a jijiyoyin jini, ya dinga hawa a hankali ba ciwo ba alama, ranar da zai nuna kansa sai dai a ji bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wani zai ce ai ni siriri ne, wallahi ba ruwan kolesterol da ramar mutum. Ka nemi a yi maka gwajin kitsen jini, in son samu ne tun kafin a fara maganin, sannan a dinga maimaitawa.

Wanda ya fi wannan haɗari kuma, mutum ya ji maganar nan ya tsorata ya ajiye magani da kansa. Don Allah kar ka yi. Kitsen jini shekaru yake ɗauka kafin ya yi ɓarna, amma yanke magani farat ɗaya zai iya tayar da farfaɗiyar da za ta wuce minti 5 ba ta saki mutum ba, wannan kuwa kisa take yi. In canji ya kama likita ne zai yi shi sannu a hankali, akwai irin su lamotrigine da levetiracetam da ba sa taɓa kolesterol sosai, sai dai ba kowace farfaɗiya suke kamawa ba.

Sai ɓoye wa likita. An rubuta maka simvastatin ko atorvastatin don rage kitse, ba ka faɗa kana shan carbamazepine ba saboda kunyar a san lalurarka, ita kuwa hantar nan da aka zaburar sai ta narkar da yawancin maganin kafin ya yi aiki, kana ta sha sakamakon gwaji na nan inda yake. Haka take yi wa amlodipine na hawan jini da warfarin na hana daskarewar jini. Ka tattara kwalayen magungunanka duka ka zube a gaban likita, shi ya san ko zai ƙara adadi ko ya mayar da kai kan rosuvastatin, wani maganin rage kitsen.

Masu shan valproate, wani maganin farfaɗiyar, kuma kar su ce sun tsira, nasu ta ƙiba yake zuwa, tumbi ya fito, suga da triglyceride, wato wani nau'in kitsen jini, su biyo baya. Ku dinga hawa sikeli duk wata kuna rubutawa, in nauyi ya fara tashi a kai wa likita takardar.