Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen firosesa ga sabuwar kwamfutar girke

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayayya a kan jita-jita. Mutum ya ji ana raɗe-raɗin sabon firosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) na tafe, sai ya riga malam masallaci, ya sayi madabod (babban faifan da ake jona dukkan sassan kwamfuta a kai) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) ya ajiye. Alhali gurbin da firosesa ke zama a ciki canzawa yake yi. Kamfanin Intel ya yi amfani da gurbin LGA1700 ga firosesocinsa zubi na 12, 13 da 14, amma Core Ultra 200S da ya fito a 2024 sai a LGA1851 yake zama, kuma RAM nau'in DDR5 kaɗai yake karɓa. Gurbin AM5 na kamfanin AMD ma tun fitowarsa a 2022 ba ya ɗaukar DDR4. Kada ka biya kuɗin madabod sai ka ga sunan firosesan a jerin da kamfanin madabod ɗin ya wallafa.

Ko gurbi ya dace, BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, na iya ba ka matsala. Madabod B650 da aka ƙera kafin fitowar firosesan Ryzen 9000 na AMD na iya ƙin tashi da shi: fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Yawancin madabod na AM5 suna da maɓallin sabunta BIOS a baya. Sa fayil ɗin sabon BIOS a filasha, sanya masa sunan da littafin madabod ya ce, jona ta a ramin da aka ware, ka danna maɓallin. Kada ka kashe wuta sai ɗan ƙwan wutar da ke nuna sabuntawar ya daina ƙiftawa.

Sai ruɗuwa da yawan GHz, wato ma'aunin gudun firosesa. Core i9-14900K yana kaiwa 6.0, Ryzen 7 7800X3D kuwa 5.0 ne iyakarsa, amma a wasanni da yawa Ryzen ɗin ke kan gaba saboda ma'ajiyar kusa (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin firosesa) mai megabait 96 da yake da ita. Wajen tace bidiyo lissafin juyawa yake yi, don haka aikinka ne zai yi maka zaɓi.

A wannan i9 ɗin, wat 125 da ke rubuce ba shi ne ƙarshe ba. Yana jan 253 in aiki ya yi nauyi. Ƙaramar fanka ba za ta iya ba, zafi zai kai digiri 100 ya rage gudu da kansa. Kuma a tuna a ɓare ledar da ke ƙasan na'urar sanyayawa kafin a ɗora.

Firosesan da ke da harafin F a ƙarshe, kamar i5-14400F, ba ya fitar da hoto da kansa. In ba ka da katin girafik, allo ba zai nuna komai ba.