Darasi na Bakwai: Kebul ko Wi-Fi, Wanne Ya Dace da Sabar Ƙaramin Ofis?

Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, kwamfuta ce da ake ajiyewa a wuri guda domin ta yi wa sauran na'urorin gida ko na ofis hidima, kamar adana takardu da hotuna, da riƙe lissafin cinikin shago, da tara abin da kyamarorin tsaro suka ɗauka. Kafin ta iya wannan aiki dole ne a haɗa ta da rauta, wato ƙaramin akwatin nan da ke rarraba intanet, kuma hanyoyin haɗawar biyu ne: ta kebul, ko kuwa ta iska, wato Wi-Fi.

Haɗin kebul shi ne wanda masana ke kira Ethernet, kuma ya girmi Wi-Fi nesa ba kusa ba, domin an ƙirƙiro shi a shekarar 1973 a wata cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Amurka, alhali ƙa'idar farko ta Wi-Fi sai a 1997 ta fito. Idan mai karatu ya ɗauki kebul ɗin ya duba bakinsa, zai ga ɗan kan roba mai haske kamar gilashi, mai suna RJ45, da siraran wayoyi takwas masu launi daban-daban jere a ciki. A cikin ɓawon kuwa an murɗe su biyu-biyu, kuma wannan murɗewa ce ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Idan aka tura kan cikin raminsa za a ji ya ce ƙas, sannan wata 'yar fitila ta soma ƙyaftawa, alamar an haɗu ke nan. Nau'in Cat5e da na Cat6 duka suna ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100, wanda a aikace yake nufin fayil mai girman gigabait 10 zai wuce cikin kusan minti ɗaya da rabi, tun da gigabait ɗaya gigabit takwas ne.

Wi-Fi kuwa yanayinsa daban ne, kuma a nan ne masu sabon ofis suka fi yin kuskure. Saurin da aka buga a jikin kwalin rauta ba na mutum ɗaya ba ne, rabawa ake yi, domin na'urorin da ke kan tasha guda suna magana ne bi da bi, kamar zaman majalisa inda sai wani ya yi shiru wani ke buɗe baki. To, idan sabar tana kan Wi-Fi, kuma kwamfutar da ke neman fayil ita ma tana kan Wi-Fi, sai saƙon ya bi iska sau biyu, daga sabar zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa mai nema, ta yadda saurin zai iya raguwa da kusan rabi tun kafin wani ya buɗe bidiyo a wayarsa. Ga kuma batun gini. Wi-Fi yana tura saƙo ne ta zangon rediyo, kuma zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, tun da tashoshi uku kacal ne, wato 1 da 6 da 11, ba sa hawa kan juna, kuma rautocin maƙwabta duk a nan suke. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri, sai dai bangon siminti mai rodi da ƙofar ƙarfe suna raunana shi ƙwarai.

Saboda haka shawarar wannan darasi ita ce a ba sabar kebul, tun da ita ba ta tashi daga inda aka ajiye ta, a bar wa wayoyin hannu da kwamfutocin tafi-da-gidanka Wi-Fi, tun da don yawo aka yi su. Idan ramukan bayan rauta sun ƙare, ana sayen ƙaramin suwic, wato akwatin ƙara ramukan kebul, mai rami biyar ko takwas a ƙara.

Kebul ma yana da nasa wahalhalu. Akwai mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa tagulla a sama, yana saurin karyewa kuma ba ya kai saƙo nesa yadda ya kamata. Idan aka kankare waya ɗaya da reza aka ga cikinta fari, to shi ne, a guje shi. Idan mai haɗawa bai matse kan da kyau ba, har waya ɗaya daga cikin takwas ɗin ta saki, haɗin yana iya faɗowa zuwa megabit 100, wato kashi ɗaya cikin goma na gigabit 1, ba tare da an lura ba, sai dai a ji aiki ya yi nauyi. Ɓera kuma ba ya raga wa kebul ɗin da aka jefa cikin silin, don haka a saka shi cikin bututun roba, kuma kada a jera shi manne da wayar wutar lantarki. Wanda zai ja kebul daga wannan gini zuwa wancan ta sararin tsakar gida ya tuna da tsawar damina, domin tana iya bin tagullar ta ƙona rauta da sabar a lokaci guda. Haka nan, idan aka ɗauke wuta, sabar da ke kan inbata ba za ta amfani kowa ba muddin rauta da suwic sun mutu, don haka a ɗora su duka uku a kan batir ɗaya.

Aikin gwaji: mai koyo ya zaɓi babban fayil guda, ya kwafe shi daga sabar zuwa kwamfutarsa ta Wi-Fi yana duban agogo, sannan ya kashe Wi-Fi ɗin, ya soka kebul, ya sake kwafewa. Ya rubuta lokutan biyu a littafinsa, tare da adadin bangon da ke tsakaninsa da rauta, ya zo da su aji a zama na gaba.