Yadda ake zaɓar giyar Chianti Classico da abincin da ya dace da ita

Chianti Classico jar giyar inabi ce da ake yi a tuddan da ke tsakanin biranen Florence da Siena, a yankin Tuscany na ƙasar Italiya. Duk mai koyon girkin Italiya ko aikin kai abinci a otal sai ya ci karo da ita. Abin da nake so ya riƙe shi ne, giya ce mai neman abinci a gefenta. In aka kurɓe ta haka kawai, tsaminta ne zai fara dukan harshe.

Da farko a duba kwalbar. Ta ainihi tana ɗauke da hoton baƙin zakara, alamar ƙungiyar masu yin ta da aka kafa a 1924. Iyakar yankin kuwa ta girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba, domin tun a 1716 sarkin Tuscany, Cosimo na Uku, ya shata ta. Kwalbar da aka rubuta wa Chianti kawai, ba zakara, daga wani yanki mai faɗi ta fito, dokarsa ma daban. A Classico dole ne aƙalla kashi 80 cikin ɗari ya zama inabin Sangiovese, kuma daga 2006 an hana haɗawa da farin inabi.

Sai a karanta matsayinta. Annata tana kwana wata 12 kafin a fitar da ita kasuwa, Riserva wata 24, Gran Selezione kuma wata 30. A ganina mai koyo ya fara da Annata, don halin inabin ya fi fitowa fili a cikinta, ga sauƙin kuɗi.

Kada a kawo ta da ɗumi. Tsakanin digiri 16 da 18 a ma'aunin Selshiyos ake so. A ƙasa mai zafi a sa ta cikin firji kamar rabin awa. Riserva kuma a buɗe ta tun kafin abinci ya sauka, ta sha iska.

Yanzu ɗanɗano, kuma a nan ne aikin yake. Abu biyu za a ji: tsami, da bauri. Baurin nan irin wanda goro ke bari a baki ne, harshe ya bushe, dasashi ya ɗan ɗaure. Daga ɓawo da ƙwayar inabin yake fitowa. Ƙamshinta na 'ya'yan ceri ne masu tsami, da ɗan na busasshen ganye. Wanda ya gane tsamin da baurin nan ba ya bukatar haddace sunayen abinci, shi da kansa zai san abin da zai dace.

Tsamin yana son tumatir. Giya marar tsami, in ta haɗu da miyar tumatir sai ta koma salam, amma Sangiovese tana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ita. Shi ya sa taliya da miyar tumatir da niƙaƙƙen nama ke tafiya da ita sosai. Haka ma ribollita, miyar talakawan Tuscany da ake yi da farin wake, ganyen kabeji da burodin da ya kwana, a yaryaɗa man zaitun a kai.

Baurin kuwa maiƙo da gishiri ne maganinsa. Kitsen nama yana tausasa shi, tsamin kuma ya wanke maiƙon daga baki, sai loma ta gaba ta zo da daɗinta cif. Mutanen Florence sun daɗe da sanin haka: bistecca alla fiorentina, ƙaton yankan naman sa mai ƙashi a tsakiya, ana gasa shi a kan garwashi, cikinsa na nan ja, ba a sa masa komai sai gishiri da ɗan mai. Wannan na Riserva ne. Gasasshen naman rago da cukun pecorino, wanda ake yi da madarar tumaki, su ma sun dace.

Abin gudu shi ne yaji mai zafi. Mai hannun da ya saba da attaruhu ya rage, domin barkono yana ƙara wa giyar zafi a maƙogwaro, ya kuma fito da ɗacinta. Kayan zaƙi suna sa ta yi tsami fiye da kima, farin kifi kuma ba ya iya da baurinta.

Ƙarfin barasar da ke cikinta ba ya gaza kashi 12 cikin ɗari, saboda haka tana bugarwa. Kada a zuba wa kowa sai ya nema. Masu girkin Tuscany kan dafa nama da ita, don haka idan baƙon da ke gabanka Musulmi ne, ko mai juna biyu, ko wanda likita ya hana, ka faɗa masa abin da ke cikin miyar tun kafin ya zaɓa.