Yadda Ake Zama Injiniyan Gine-ginen Bakin Teku

Tun wajen cike fom ɗin JAMB ake fara kuskure. Ɗalibi yana son gina tashar jiragen ruwa, sai ya zaɓi kwas ɗin injiniyan jirgin ruwa, alhali wannan karatun injin jirgi ne da gyaransa. Mai son gina matsayar jirgi ko katangar da ke karya igiyar ruwa, injiniyan gine-gine zai karanta, shekara 5, a ABU Zariya ko BUK ko wata jami'ar da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ta amince da kwas ɗinta. Ka riƙe darasin motsin ruwa da na yanayin ƙasar da ake gini a kai da kyau, don a kansu aikin yake tsaye.

Idan lokacin SIWES ya zo, wato horon aiki da ɗalibai ke fita yi a lokacin karatu, kada ka zauna a ofis kusa da gida. Nemi gurbi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ta Onne ko ta Lekki da aka buɗe a 2023, mai zurfin mita 16.5. In Legas ta yi nisa, hedikwatar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, tana Lokoja, za ka ga aikin yashe kogi.

Abin da za ka fara koya a wurin shi ne gishiri. Yana ratsa kankare har ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya tsage ya ɓare. Ɓarnar ta fi muni a daidai inda ruwa ke fantsama ya bushe, ba can ƙasan ruwa ba. Shi ya sa ake barin kaurin kankare aƙalla milimita 50 a kan rodi, sau da yawa har 75, kuma nauyin ruwan kwaɓi bai wuce kashi 40 cikin ɗari na nauyin siminti. Lebura ya ƙara bokiti ɗaya don kwaɓin ya yi laushi, an rage wa ginin shekaru. Yashin teku kuwa, in ba a wanke ba, kada ya shiga kwaɓi.

Sai cika da janyewar teku, sau biyu a rana. Ka tabbatar daga wane mataki aka fara auna tsayin da ke kan zane, na taswirar ruwa ko na tudu, domin ba ɗaya ba ne.

Bayan bautar ƙasa, rubuta kowane aiki da kwanan wata da sa hannun injiniyan da ke kanka. COREN tana neman gogewar shekara 4 kafin rajista. Aiki a tsakiyar teku kuma sai da takardar BOSIET ta horon kare kai a teku, wadda ake sabuntawa bayan shekara 4.