Kafin ka biya kuɗin dutsen murjani, jiƙa shi

'Yan'uwa masu tara duwatsu, ga dabara: kada ku sayi murjanin da ya zama dutse yana a bushe. Ku ɗiga masa ruwa tukuna.

A bushe toka-toka yake, kamar kowace tsakuwa. Da ya jiƙe sai zanen ya fito: gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowanne da layuka daga tsakiya. Haka ake gane dutsen Petoskey na jihar Michigan a Amurka, wanda ya kai kusan shekara miliyan 350.

Sai gwaji na biyu, inda kuɗin yake. Ɗiga ruwan khal a bayan dutsen. In ya yi kumfa, mai laushi ne, ko wuƙa za ta karce shi. In shiru, wuƙa kuma ta kasa, ya rikiɗe ya zama aƙiƙ, wato dutsen ado mai tauri, irin na Indonesiya da Florida, kuma yawanci ya fi tsada. Ni dai shi nake nema.

Amma fa kumfa kaɗai ba hujja ba ce cewa murjani ne, dutsen siminti ma yana yi. Wanda aka shafe da kakin zuma kuwa khal ba ya kama shi.

Kada ka zuba khal a fuskar da aka goge, tabo zai bari.