Yadda Ake Awo Da Rubuta Lambobi Masu Muhimmanci Ba Tare Da Sifili Ya Rikita Ka Ba

Yaro zai yi lissafinsa daidai tun daga sama har ƙasa, sai a layin ƙarshe, wurin taƙaita amsa, ya zubar da makin. Wannan ne ya fi ci mini rai a ajin 'yan ƙaramar sakandare, musamman idan jarrabawar BECE ta matso. Ba zan tsaya bayanin santimita da milimita ba, ɗan aji biyu ya san milimita goma ne santimita ɗaya.

Da farko duba rularka. Awo yana farawa ne daga layin sifili, ba daga bakin rula ba. Rular roba ta cikin set ɗin lissafi bakinta kan cinye, in haka ta faru, fara daga 1 ka cire ɗaya a ƙarshe. Idonka ya tsaya saitin layin, kada ka leƙa ta gefe. Ni dai rular ƙarfe nake cewa a saya. Ta ɗan fi tsada, amma ɗaya za ta kai yaro har ya gama makaranta.

Sai ka lura da ƙaramin layin da ke jikinta. Rular makaranta milimita ce iyakarta, don haka in ka auna littafin rubutunka za ka ce tsawonsa santimita 24.3. In ka rubuta 24.317, ina ka samo sauran? Rular ba ta faɗa maka ba. Lambobi masu muhimmanci su ne waɗanda abin awonka ya ba ka da gaske, a nan guda uku: 2, 4 da 3.

To ga inda ake faɗuwa: sifili. Lambobi daga 1 zuwa 9 kullum ana ƙirga su, babu gardama. Sifili kuwa sai ka dubi inda ya zauna.

Wanda ya zo a gaba, kafin kowace lamba, ba a ƙirga shi. Yara ba sa yarda da wannan sai na sa sun auna abin goge fensir. An samu milimita 45. A santimita 4.5 ke nan, a mita kuma 0.045. Abu ɗaya ne, rula ɗaya ce, awo ɗaya aka yi. Ta yaya za a ce 0.045 yana da lambobi huɗu masu muhimmanci alhali 45 biyu gare shi? Sifilin nan biyu gurbi kawai suke riƙewa. Saboda haka ka ɗora yatsa a kan lambar farko da ba sifili ba, daga nan ƙirga take farawa.

Wanda ke tsakiya, kamar a 4.05 ko 307, ana ƙirga shi.

Wanda ya zo a ƙarshe bayan ɗigo ma ana ƙirga shi, kuma shi ne aka fi yi wa wulaƙanci. Yaro ya ga 5.0 sai ya goge sifilin, wai ba shi da amfani. Yana da shi! Mai cewa 5 yana nufin abin yana tsakanin 4.5 da 5.5. Mai cewa 5.0 ya duba har milimita, nasa yana tsakanin 4.95 da 5.05. Shi ya sa in an ce ka taƙaita 2.97 zuwa lambobi biyu, amsar 3.0 ce. Haka 0.0996 zai koma 0.10. Wanda ya rubuta 3 ko 0.1, ni ba na ba shi makin.

Manyan lambobi kuma da tasu matsalar. A taƙaita 47,862 zuwa lambobi biyu, sai ka ga an rubuta 48. Kana bin mutum naira 47,862, ya miƙo maka naira 48, za ka karɓa? Amsar 48,000 ce, dole a cike guraben da sifili.

Dokar taƙaitawa kun san ta: lamba mai biyowa in ta kai 5 a ƙara ɗaya, in ba ta kai ba a bar ta. Amma ita kaɗai ake kallo, kuma sau ɗaya. 2.449 zuwa lambobi biyu 2.4 ne. Kada ka mai da shi 2.45 sannan 2.5. Ka kuma karanta tambaya da kyau, domin gurbi biyu bayan ɗigo daban, lambobi biyu masu muhimmanci daban: 0.00472 a na farko 0.00 ne, a na biyu 0.0047.

Saura kalkuleta. Littafin nan faɗinsa 18.6, ka ninka da 24.3, ta ba ka 451.98. Kada ka kwafe duka. In da kuskuren rabin milimita a kowane ɓangare, amsar na iya sauka kusan 450 ko ta hau 454, to me .98 ke yi a nan? Rubuta 452. A ninkawa da rabawa, bi awon da ya fi ƙarancin lambobi masu muhimmanci. A tarawa da ɗebewa kuwa gurbin bayan ɗigo ake bi: 12.5 da 3.24 sun ba da 15.7. Kuma kada ka taƙaita a tsakiyar aiki, sai layin ƙarshe.

Abin da aka ƙirga, kamar ɗalibai 40, ko aka ƙayyade, kamar yadi ɗaya da yake santimita 91.44 cif, ba ya shiga wannan doka. Don gwaji a gida, ari tef ɗin tela, ka auna atamfa yadi shida da aka sayo daga Kantin Kwari. A lissafi santimita 548.64 ce. Rubuta abin da tef ya nuna maka, ka ƙirga lambobinsa masu muhimmanci, sannan ka mai da shi mita ka ga ko adadinsu ya canza.