Kurakuran da sababbin zuwa Jidda ke yi wajen tsara al'amuransu

Duk yaron da aka turo ya gaishe ni a satin da ya sauka Jidda, magana ɗaya nake yi masa, shi kuma amsa ɗaya yake ba ni: "To Kawu, in sha Allahu." Bayan 'yan watanni sai ga shi da daddare da matsalar da na ce masa za ta zo. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya zo in tura masa.

Idan aka ce mutum ba shi da tsari, hankali yakan tafi kan shimfiɗar da ba a kaɗe ba da kwanukan da suka kwana a bahon wanke-wanke. Za mu taɓa su. Amma a ƙasar nan hargitsin da yake cin kuɗi, ya ci aiki, wani lokaci ya ci zaman mutum ɗungurungum, wuri biyu yake: ranakun takardu da kuɗin mutane.

Kuskure na farko shi ne riƙe ranaku a ka. Mai zama da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, yana ɗauke da ranakun ƙarewar wa'adi da yawa: ta igamar kanta, ta inshorar lafiya, ta fasfo, ta bizar huruj da auda (ta fita da dawowa) in ya ciro, ta kuɗin haya, in yana da mota ga lasin da istimara, wato takardar rajistar mota. Kuma a sarƙe suke. Ba a sabunta igama sai inshora tana raye. Ba a buga maka huruj da auda sai fasfonka yana da sauran aƙalla kwana 90, kuma ka biya tarar da kyamarar Sahir, mai kama laifin tuƙi, ta rubuta maka. Igama na mutuwa banki zai tsayar da asusunka. Katin da aka koma bayarwa tun 2015 kuwa ba ya nuna maka ranar da izinin zamanka zai ƙare, sai ka shiga Absher, manhajar gwamnati, ka gani da idonka. Mutum sai ya yi ta yawo da kati fes a aljihu alhali ya mutu tun makon jiya.

Ni wannan ya taɓa kayar da ni, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. A lokacin igama da lissafin Hijira take tafiya. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Ni kuma na riƙe a kaina cewa a ƙarshen wata kaza na Bature aka sabunta mini bara, don haka bana ma sai ƙarshensa. Ashe ranar ta matso ta wuce ni. Ban farga ba sai da na je cire kuɗin da zan aika na kayan ɗakin ƙanwata, na'ura ta tofo mini katina. Kafilina, wato mai aikin da igamata take ƙarƙashinsa, ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Tarar jinkiri riyal 500 ce a karon farko, 1,000 a na biyu, na uku kuwa maganar kora ce. A dokar ƙwadago kuɗin igama da tarar jinkirinta duk a wuyan mai aiki suke, amma da ya dawo daga albashina ya zare, ya ce ai ni ya kamata in tuna masa. Kuɗin bai dame ni kamar wayar da na yi wa mahaifiyata ba, ina kame-kame, biki saura kwanaki, kafinta yana jira.

An sauƙaƙa abin daga baya. A 2016 gwamnati ta mayar da biyan albashin ma'aikatanta kan watan Miladiyya, a 2023 kuma majalisar ministoci ta amince a riƙa lissafin wa'adin harkokin hukuma da shi. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Masu gidajen haya da yawa, musamman tsofaffi, har gobe da Muharram da Rajab suke ƙirga kuɗinsu. Sannan yanzu ana iya sabunta igama ta wata 3 ko 6 ko 9, ba lallai shekara ba, kuma kafili mai son sauƙi gajeren yake zaɓa ba tare da ya gaya maka ba.

Abin da nake yi ba wani abin burgewa ba ne. Ina da ƙaramin littafi mai baƙin bango, shafinsa na farko ranaku ne kawai, kowace na rubuta ta da Hijira da Miladiyya. Kuma ranar da nake ja wa layi ba ita ce ta gaskiya ba, nakan ja baya da wata 2, fasfo kuwa wata 6, domin in sunanka na fasfo da na NIN suka saɓa ko da harafi ɗaya ne, gyaran ba na sati ba ne, ko a ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda kake bi ko a babba na Riyad. Duk Juma'a bayan la'asar nakan buɗe Absher in duba ko da na san babu abin da ya canza. Yara suna yi mini dariya wai waya tana da kalanda mai ƙara. Tana da ita. Na ga masu kashe ƙarar cikin magagin barci, su ce anjima.

Mai iyali ya ƙara da kuɗin murafiƙai, wato iyalin da ke zaune ƙarƙashin igamarsa, riyal 400 a wata kan kowane mutum tun 2020. Wanda bai ware shi wata-wata ba, ranar sabuntawa zai ji kamar an yi masa fashi.

Ku daina canza layin waya saboda garaɓasar data. Lambar sirrin shiga Absher da ta banki duk layin da ka yi rajista da shi suke zuwa. Ka yar da shi, ka kulle kanka a waje.

Yanzu sai babbar magana, sautu. Wallahi ban san abin da ya raba zumunci tsakanin mazauna nan da 'yan'uwansu na gida kamar sautu ba. Kana sauka waya za ta fara: Yaya a sayo mini abaya baƙa mai duwatsu, Alhaji dabinon ajwa kilo biyu, ɗan nan turaren wuta irin na wancan karon. Duk a saƙon murya, wani minti huɗu, rabinsa gaisuwa. Kai kuma kana cewa ba komai, kuɗi suna shigowa asusunka suna gauraya da albashinka. Ranar da ka shiga kasuwar Balad ko ta Bab Sharif sai ka tsaya a bakin kanti kana laluben saƙon wata uku da suka wuce, kana sa waya a kunne cikin hayaniya don ka ji lambar abayar 54 ta ce ko 56.

Wata Hajiya, aminiyar mahaifiyata, ta taɓa turo mini kuɗin sarƙar zinariya. Ban rubuta ba, ban ware ba, na ce sai na samu sarari. Kafin in samu sararin zinariya ta tashi, naira ta faɗi, kuɗin kuma na riga na taɓa su ban ma san na taɓa ba. Na cika daga aljihuna na saya mata, wannan da sauƙi. Abin da ya fi ciwo, da sarƙar ta isa ta ce ai kuɗin da ta bayar sun fi haka nauyi. Ba ni da rasit, ba ni da lissafin canjin ranar da kuɗinta suka shigo, ba ni da komai sai rantsuwa. Matar da take kirana ɗana ta koma gaisuwa sama-sama da mahaifiyata. Kuma ba ta yi ƙarya ba, abin da ta tuna ta faɗa.

To ku ji, ku masu cewa rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Kana zaune tafiyar awa ɗaya daga Ka'aba kana jin kunyar abin da aka umarce ka da shi? Kunyar me? Wanda zai ji haushi don ka rubuta kuɗinsa, gara ya ji haushin yau.

A littafin nan nawa kowane mai sautu da shafinsa: ranar da kuɗi suka shigo, nawa ne a naira, nawa suka zama a riyal a ranar, me ake so, launi da lamba. Ina rubutawa in ɗauki hoton shafin in tura masa, sai ya amsa da "haka ne" kafin in taka kasuwa. Saƙon murya ba na aiki da shi, nakan ce a rubuto, in Hajiya ba ta rubutu jikarta ta rubuta mata. Kuɗin nakan cire su in sa a ambulan mai sunan mai su. Wasu abokaina sun fi son asusu na biyu, ni dai ambulan nake gani da ido. Rasit kuma hoto nan take a bakin kanti, tun kafin takardar ta koɗe, don irin ta na'urar nan zafin Jidda yana goge ta. A gaya wa mai sautu tun farko akwai harajin kashi 15 cikin 100 a kan kaya, kada ya lissafa da farashin da ya ji a bakin wanda ya zo kafin 2020.

Sannan ka koyi cewa a'a. Jaka biyu masu kilo 23 ba za su ɗauki unguwa ba. Ƙunshin da ba ka kwance ka gani ba kuwa, daga nan ne ko daga can, ko na wane ne, kada ya shiga kayanka.

Saura ƙanana. Kada ka fara gyara da sayayya: mutum ya shiga kantin Abu Hamsa na kayan araha ya jido kwanduna da ratayen kaya, ya ƙara tarkace a kan tarkace. Fitar da abin da ba ka amfani da shi tukuna.

Kwalayen kago da ake jibgewa a ɗaki da sunan za a aika gida idan sun cika, su ne suke mayar da ɗakin mutum huɗu sito. Sa wa kwali rana, ranar ta zo a kai shi awo ko bai cika ba.

Takardu na asali, fasfo da kwantiragi da shaidar karatu, a jaka ɗaya mai zif, a sama, ba ƙarƙashin katifa ba. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009 ko ta Nuwamba 2022 ba sai an yi masa bayani ba. Lokacin rusau na unguwannin Sabil da Gulail da Karantina ma na ga waɗanda suka kwashe kaya cikin gaggawa, suka tsira da tukwane suka rasa takardar haihuwar 'ya'yansu. Ka ɗauki hoton kowace ka tura wa wani amintacce a gida.

Akwai kuma masu zuwa da agogon Kano a ka. Tun 2013 hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, a gida Asabar da Lahadi. Ke nan duk abin da ya haɗa ofishin nan da na can, Litinin zuwa Alhamis kawai kake da su, kuma muna gaban Najeriya da awa 2. Wanda ya bar aikin banki ko na takarda zuwa yammacin Alhamis ya jefa kansa Litinin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dare kuma shi ne ɓarawon sababbin zuwa. Gari ba ya barci, shayi da hira har ƙarfe biyu, sai a yi asuba a koma a tashi da azahar a ce rana ba ta da albarka. Ni ba na tsara yinina da ƙarfe kaza, da salloli nake ɗaure shi: lissafi da rubutu bayan asuba, zirga-zirgar waje kafin rana ta take, kasuwa bayan la'asar, wayar gida bayan isha'i. Da bazara dole ma ka bi haka, tunda daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana tsakanin ƙarfe 12 da 3.

Game da ɗaki, kada ka jira ranar hutu ka ce za ka juye shi gaba ɗaya, za ka gaji a rabi ka bar shi ya fi da muni. In ku da yawa ne, ku liƙa takarda a ƙofar firji: wa ke shara, wa ke sayo gas da ruwa, wa ke karɓar kuɗin wuta, da ranar kowa. Wanda ya tsallake ranarsa shi zai sayi burodi da ful na safiyar Juma'a.